An Ce Gwarzo, To Sai Me?

Assalamu alaikum 'yan uwa.

A da idan Bahaushe ya ce wane gwarzo ne, yana nufin namijin da ba ya ja da baya, a fagen daga ne ko a gona. Yanzu an fi jin kalmar a wajen raba kyaututtuka: gwarzon shekara, gwarzuwar gasa, gwarazan bana. Da ita ake kiran wanda ya yi fice a musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato ke shiryawa tun 1986. A naɗa wa yaro rawani, a miƙa masa makullin mota, jiharsu ta fito tarba. Abin farin ciki ne, kuma Allah Ya saka wa malaman tsangaya da na Islamiyya da suka sha wahalarsa.

Sai dai akwai hadisin da ya kamata kowane gwarzo ya haddace kafin ya karɓi kyautarsa. Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa mutum uku za a fara yi wa hukunci ranar Alƙiyama: wanda aka kashe a yaƙi, da mai ilimi makarancin Alƙur'ani, da mai dukiya da ya ciyar. Makarancin zai ce domin Allah ya yi. Sai a ce masa ƙarya ne, ka karanta ne don a ce makaranci ne, kuma an faɗa. Sannan a ja shi a kan fuskarsa zuwa wuta. Wal'iyazu billahi. Ladan da ya nema ke nan, mutane kuwa sun biya shi tun a duniya.

Iyaye, mu ma da namu. Yaro ya haddace izu sittin, ya zo na huɗu saboda gyara biyu, ya dawo gida a ƙi amsa sallamarsa. Me muka koya masa ke nan game da niyya?

Kai kuma ɗan uwa da aka naɗa, Annabi (SAW) ya ce Alƙur'ani ya fi saurin kuɓucewa fiye da raƙumi daga dabaibayinsa. Gayyatar walima za ta yi yawa a watan nan. Kada ka bari ta ci maka tilawar bayan Asuba, kuma ka koma gaban malaminka ka ci gaba da kawo hadda yana yi maka gyara.