Ƙauyen da kansiloli suka fi talakawa yawa

A tsaunukan gundumar Drôme da ke kudu maso gabashin Faransa akwai wani ƙauye, Rochefourchat, wanda ƙidayar shekarar 1806 ta samu mutum 221 a cikinsa. A ƙidayar 1999 mutum ɗaya tal aka samu. Tsohuwar majami'a tana nan, ga kangon fadar wani basarake, amma a takarda har gobe ƙaramar hukuma ce mai magajin gari da hatiminta. Dokar ƙasar ta ware kujerun kansiloli 7 ga duk hukumar da jama'arta ba su kai 100 ba, kuma wanda ke da gida yana biyan haraji a wuri na iya yin rajistar zaɓe a can ko da ba ya kwana a garin.

Ba rana ɗaya garin ya zama kufai ba. Noman kan dutse bai iya ciyar da iyali, matasa suka gangara birane neman aikin masana'anta, Yaƙin Duniya na Ɗaya kuma ya lamushe sojojin Faransa kusan miliyan 1.4, da yawansu 'ya'yan manoma. Da tarakta ta shigo, gonar da a da ke buƙatar hannu goma sai mutum ɗaya ya ishe ta.

Faransawa na da ƙananan hukumomi kusan 35,000, gadon juyin juya halin 1789, kuma ba sa son a taɓa su. An yi dokar haɗe su a 1971, ba ta yi wani tasiri ba. Ta 2015 ta ɗan taɓuka, saboda ta zo da kwaɗayin kuɗi. Kai, kusa da garin Verdun akwai ƙauyuka 6 da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya shafe a 1916, babu kowa a cikinsu, amma har yau ana naɗa musu magajin gari. Wannan na fahimce shi, girmama mamata ne.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda ake ta kumfar baki kan suna da hatimi, alhali abin da ke korar mutane daban ne. Matar da ke da ƙananan yara, idan ta ga an rufe makaranta, likita ya yi ritaya ba wanda ya gaje shi, burodin safe ma sai an tuƙa mota, ba za ta tsaya don darajar magajin gari ba. A 2019 Shugaba Macron ya yi alkawarin ba za a rufe makaranta ba sai da yardar magajin gari, sai dai alkawarin bai hana a riƙa rage azuzuwa ɗaya bayan ɗaya ba.

Masu adawa da haɗewa na cewa magajin garin ƙauye kusan aikin sa-kai yake yi, shi ke bin hanya da famfo, kuma gaskiyarsu ne. Amma da ƙauyuka biyar su riƙe hatimi biyar ba malami ko ɗaya, gara su haɗa kasafinsu su riƙe makaranta guda da motar kwasar yara. Rochefourchat kam lokaci ya ƙure mata, maganar ta ƙauyukan da suka rage da mutum 80 ko 100 ce.