Zanen karkara na su Monet: da ƙwadago da ciniki a ciki

Mutane da yawa na ɗaukan cewa masu zanen Faransa na salon Impireshanizim, wato salon zana abu yadda ido ya hango shi cikin haske, sun guji birni ne, suka zauna bakin kogi suna zana haske don nishaɗi kawai. Ba haka ba ne.

Dubi zanen Claude Monet, ɗaya daga cikinsu, na 1872 mai taken "Impression, soleil levant", wanda ya ba salon suna. Tashar jiragen ruwa ce ta Le Havre, ga hayaƙin masana'antu da injinan ɗaga kaya a cikin hazo. A 1875 ma ya zana 'yan dako suna sauke kwal daga kwale-kwale a kogin Seine, suna tafiya bisa siraran katako.

Fita waje yin zane kanta masana'anta ce ta sauƙaƙa ta. Kafin John Rand ya ƙirƙiro bututun fenti na kuza a 1841, a mafitsarar alade ake ɗure fenti, da an huda ta sai ya fara bushewa.

Batun kasuwa kuwa shi ne ƙashin bayan lamarin. Gwanjon da masu zanen suka yi a Paris a 1875 bai yi armashi ba. Dillali Paul Durand-Ruel ne ya riƙa sayen zanensu da yawa, har ya kai kusan ɗari uku New York a 1886. A 1891, da aka sa itatuwan bakin kogin Epte a gwanjo, Monet ya biya wani mai sayen katako kuɗi don kada a sare su sai ya gama zana su.