Haƙuri Koyar Da Shi Ake Yi: Nasiha Ga Iyaye Lokacin Fitar Sakamakon Jarrabawa

Assalamu alaikum wa rahmatullah, iyaye, malamai, da ku yayye masu ƙanne a hannu.

Duk shekara idan JAMB, hukumar jarrabawar shiga jami'a, ta saki sakamako, wasu gidajen sai ka ce rasuwa aka yi. Yaro ya tura saƙo ta waya, hannunsa na rawa, amsa ta dawo, maki bai kai ba. Kafin ya gama haɗiye abin, uba ya fara lissafa masa kuɗin fom da na lesin, uwa ta ce ɗan maƙwabta da ko littafi ba shi da shi ya ci, yayansa ya kira shi daƙiƙi. Da magariba ya ƙi cin tuwo, ya shige ɗaki ya ja ƙofa. Sai mu ce kunya ce ta kama shi, zai ware.

A 2025, cikin mutum sama da miliyan 1.9 da suka rubuta jarrabawar, fiye da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 ba. Daga baya hukumar ta amsa cewa an samu tangarɗa daga ɓangarenta, shugabanta Farfesa Ishaq Oloyede ya ba da haƙuri a bainar jama'a har da hawaye, aka sake wa ɗalibai kusan 380,000 jarrabawa a Legas da jihohin kudu maso gabas. Ku yi tunani: kafin gaskiya ta bayyana, yara nawa aka riga aka goranta wa a kan laifin da ba nasu ba? Ko da kuwa faɗuwar tasa ce ta gaskiya, gori bai taɓa ƙara wa kowa maki ba.

Mu mutane ne masu yawan cewa "ka yi haƙuri". Amma sau da yawa abin da muke nufi shi ne "ka yi mini shiru". Ba mu taɓa zaunar da yaro mun nuna masa abin da zai yi da zuciyarsa idan ta yi nauyi ba, sai ranar da abu ya same shi muke neman ya zama dattijo a dare ɗaya.

Manzon Allah (SAW) bai jira sai musiba ta zo ba. Abdullahi ɗan Abbas yana yaro, wanda ko a lokacin wafatin Annabi shekarunsa ba su wuce 13 ba, wata rana yana bayansa a kan abin hawa, sai ya ce masa: ya kai yaro, zan koya maka wasu kalmomi. Ka kiyaye Allah, zai kiyaye ka. Idan za ka roƙa, ka roƙi Allah, idan za ka nemi taimako, ka nema wurin Allah. Ka sani da mutane duka za su taru don su amfane ka, ba za su amfane ka ba sai da abin da Allah Ya rubuta maka, haka nan idan sun taru don su cuce ka. A wata ruwayar ya ƙara masa da cewa nasara tana tare da haƙuri, yayewar ƙunci tana tare da ƙuncin, sauƙi kuma yana tare da tsanani. Ku lura da lokacin da ya zaɓa: suna tafiya, hankali kwance, ba a tsakiyar faɗa ba. Mu kuwa nasiharmu ba ta fitowa sai an ɓata mana rai, shi ya sa yara ke jin ta a matsayin zagi.

Sannan ga Abu Umair, ƙanin Anas ɗan Malik. Ƙaramin yaro ne mai ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, tsuntsun ya mutu. Annabi (SAW) ya shigo ya gan shi jugum, ya tambayi dalili, aka gaya masa, sai ya ce: ya Abu Umair, me ya sami ɗan tsuntsun? Mutumin da ke ɗauke da nauyin al'umma gaba ɗaya bai ga baƙin cikin yaro a kan tsuntsu a matsayin shirme ba. Mu kuwa ɗanmu mai shekara 16 ya ce yana cikin damuwa, sai mu ce: damuwar me? Kai kake ciyar da gidan? Ba ka ci ba ne, ko ba ka sha ba? Daga ranar ya koyi darasi, amma ba wanda muke so ba. Ya koyi cewa a gidan nan ba a kawo kuka.

Kuma wa ya ce namiji ba ya kuka? Ranar da Ibrahim ɗan Annabi (SAW) yake barin duniya, hawaye sun zubo masa, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba za mu faɗi komai ba sai abin da Ubangijinmu Ya yarda da shi. Annabi Ya'aƙub ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, ya ce ga Allah kaɗai nake kai ƙarar damuwata da baƙin cikina, nan take kuma ya ce wa 'ya'yansa su tafi su nemi labari, kada su yanke ƙauna daga rahamar Allah. Ga kuka, ga addu'a, ga tashi a nema, duk a wuri ɗaya. Wannan ne haƙurin da ya kamata yaranmu su gani a wurinmu.

Baƙin cikin da aka hana fita ta ƙofa ba ya mutuwa. A majalisar bakin layi akwai mai sauraro, kuma a aljihunsa akwai "maganin damuwa". Ba mu manta ba, a 2018 sai da gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan an ga yadda yake cin samari da 'yan mata, har da matan aure a Kano da kewaye. Binciken ƙasa na wannan shekarar ya nuna mutum kusan miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Najeriya. Da yawansu ba da neman maye suka fara ba. Wani barci yake nema, wata mantuwa take nema.

To me za a koya musu? Hadisin Abu Huraira a Sahihu Muslim ya isa darasin shekara: mumini mai ƙarfi ya fi alheri kuma Allah Ya fi son sa a kan mai rauni, ko da yake kowannensu yana da alheri. Ka yi kwaɗayin abin da zai amfane ka, ka nemi taimakon Allah, kada ka gajiya. Idan wani abu ya same ka, kada ka ce da na yi kaza da kaza ya faru, ka ce Allah ne Ya ƙaddara, abin da Ya so Ya aikata. Yaron da ya faɗi jarrabawa, "da na sani" ce ke hana shi barci. Ka bar shi ya huce kwana biyu, sannan ku zauna ku duba: wane darasi ne ya kayar da shi, ko rashin sabo da kwamfuta ne? Shekarar da zai jira kada ta tafi a kwance da waya har asuba. Ya je ya koyi ɗinki, gyaran waya ko haɗa sola, ya kama tilawa, ya fita ƙwallo da yamma ya yi gumi. Mai abin yi da safe, damuwa ba ta samun wurin zama a kansa kamar mai zaman banza.

Wani gefen kuma, akwai iyayen da ke ɓata yaro da tausayi. Ba ya wanki, ba ya zuwa aike, malami ya tsawata masa an tafi makaranta da faɗa, har a biya kuɗi a yi masa satar amsa. Wanda bai taɓa ɗanɗanar ƙaramar wahala a gaban iyayensa ba, babba za ta same shi a bayan idonsu. Luƙman ya haɗa wa ɗansa su duka: ka tsai da salla, ka yi umarni da kyakkyawa, ka hana mummuna, ka yi haƙuri a kan abin da ya same ka.

Ku koya musu addu'ar da Anas, yana matashi mai hidima, ya ce yana yawan jin Annabi (SAW) yana yi: "Allahumma inni a'uzu bika minal hammi wal hazan, wal ajzi wal kasal." Ku koya musu idan fushi ya taso su nemi tsari daga Shaiɗan, mai tsaye ya zauna, ya kuma ajiye wayar kafin ya rubuta abin da zai yi nadama.

Amma idan kuka ga makonni sun shuɗe yaro ba ya ci, ba ya barci, ya ƙaurace wa abokai, ko ya fara cewa gara ya mutu ya huta, wannan ya wuce "zai ware". Kada a bar shi shi kaɗai, kada a ce neman suna yake. A yi addu'a, a kuma kai shi ga likita, domin Annabi (SAW) ya yi umarni da neman magani. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, Dawanau ta Kano, Kware ta Sakkwato da Maiduguri, kuma zuwa can ba ya nufin hauka.

Kai kuma ƙanena, ke ƙanwata, da sakamakonku bai yi daɗi ba: ku sami mutum ɗaya mai hankali, kawu ne, gwaggo ce ko malamin Islamiyya, ku faɗa masa abin da ke ranku yau, kada ku bari sai gobe.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya yaye wa kowane mai damuwa damuwarsa. Amin.