Sahara ta taɓa zama kore, amma wannan ba lasisin sare itace ba ne

Duk sanda aka yi maganar gurgusowar hamada sai ka ji wani ya ce ai dama can Sahara daji ce ta bushe da kanta, to mu mene namu a ciki. Rabin maganar gaskiya ce, ɗaya rabin ne ke ban haushi.

Eh, kore ce. A 1987 wani Bafulatani na haƙa rijiya a Dufuna ta jihar Yobe ya ci karo da kwalekwale na icen maɗaci, aka auna aka samu ya kai shekara wajen 8,000, a Gobero kuwa cikin Tenere ta Nijar ƙasusuwan dorina da kada da manyan kifaye aka tono a inda yau ko ɗigon ruwa babu.

Amma shaidar da ta fi ƙarfi ido ma baya ganinta, garin furen tsirrai ne. Iska na kwasarsa ya faɗa tafki ya nutse cikin laka, ɓawonsa baya ruɓewa, kuma kowace shuka da kamannin nata, in aka sa a madubin likita za a gane wannan ciyawa ce wannan bishiya ce. Tafkin Yoa dake Ounianga a arewacin Chadi lakarsa shimfiɗa-shimfiɗa take, kowace shekara da tata kamar shafin littafi. Stefan Kröpelin na jami'ar Kolon a Jamus da tawagarsa suka zaro ta, a 2008 suka fitar da lissafin shekara 6,000: bishiyoyi ne suka fara ja da baya, ciyawa ta bi sahu, sai wajen shekara 2,700 da suka wuce tsirran hamada zalla suka kafu. Akwai masanan da suka duba lakar teku a gaɓar Muritaniya suka ce abin ya fi haka sauri, ana ta muhawara, su kam gomman shekaru zuwa ɗaruruwa suke nufi.

Dalilin ma sananne ne, tangaɗin da duniya ke yi a juyawarta duk bayan shekara dubu 20 da ɗoriya shi ya raunana damina ta koma kudu. Ba gatari.

To yanzu dubi namu, dajin da kakanka ya yi farauta a ciki kai ka tarar da kututture, tirelolin gawayi na fita ba dare ba rana, wannan fa shekara 40 ne ko 50, wancan tangaɗin duniyar ko motsin kirki bai yi ba a ɗan tsakanin nan. Mai cewa dama haka Sahara ta yi, ya gaya mana wace laka ya karanta.