Janareto Mai Ƙaho

Ranar da aka ɗauke ni daga sito aka mai da ni jami'in sayayya, na je gida da murnata na gaya wa Hajiyarmu cewa yanzu ni ne mai kula da tanda a kamfani. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Duk bokon nan da ka yi, ashe a suyar waina za ka ƙare?" Na ce ba waccan tandar ba, wannan ta kwangila ce. Ta ce, "To, Allah ya sa kada ta ƙone." Na yi dariya maimakon in ce amin.

Kamfaninmu na casar shinkafa ne a nan Kano. A da, in za a sayi abu, Alhaji mai kamfani zai ɗaga waya ya kira ɗan ƙanwarsa, shi ke nan. Sai da aka kawo mana wasu buhuna da ko harararsu ka yi sai su yage, sannan ya rantse daga ranar komai sai da tanda. Ya ji labarin dokar sayayya ta 2007, wadda ta kafa BPP, hukumar da ke sa ido kan sayayyar gwamnati, a Abuja, abin ya burge shi. Akanta ya ce masa dokar nan hukumomin gwamnatin tarayya ta shafa, ba irin mu ba. Alhaji ya ce shi dai yana so. Da aka ce masa a asalin dokar sai an yi mako shida ana talla, sai ya ce to a nan mako biyu ne, ai shi ba gwamnati ba ne.

Ana tsakiyar damina tsohon janaretonmu ya yi tari uku ya ce ga garinku nan. Manaja ya kira ni ya ce in haɗa takardar neman tayi ta sabo, mai ƙarfin 500 kVA, a raba wa 'yan kwangila kafin Juma'a.

Ita wannan takarda ba "nawa ne kayanka?" ba ce kawai. Za ka faɗi abin da kake buƙata dalla-dalla, da sharuɗɗan da kaya za su cika, da takardun da mai nema zai haɗo, kamar rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, da shaidar biyan haraji ta shekara uku. Ka ce a kawo ambulan biyu a liƙe, ɗaya bayanin kaya, ɗaya farashi, a nuna harajin VAT na kashi 7.5 a fili. Ka faɗi yadda za a raba maki, tamu 70 na inganci 30 na kuɗi, da ranar rufewa har da ƙarfe nawa. Aiki ne na mako guda ga wanda ya iya. Ni kuwa kwana biyu gare ni, kuma ban iya ba.

Sai Allah ya nuna mini wani fayil a kwamfutar wanda na gada. Shafi 23 cif, da Turanci mai tsada. Tandar da ya yi kenan guda ɗaya tak kafin ya bar aiki: ta ragunan layya arba'in da Alhaji ya raba wa ma'aikata. Na ce kakata ta yanke saƙa. Na umarci kwamfuta duk inda ta ga rago ta sa janareto, na mai da arba'in ɗaya, na cusa 500 kVA a shafin farko, na gyara kwanan wata. Na karanta shafi uku, aka kira la'asar. Da na dawo wuta ta ɗauke, ga janareto babu, sai na kai shagon buga takardu aka buga kwafi goma sha biyu. Na ba masinja sunayen kamfanoni. Shi kuma, da yake mutum ne mai himma, ya ga wata tsohuwar takardar sunaye a bayan fayil ɗin, ya ƙara da ita ba tare da ya dame ni ba.

Manaja ya riga ya koya mini jimla ɗaya ta kare kai: duk wanda ya tambaye ka wani abu a waya, ka ce ya bi abin da takarda ta ce. Don haka da wani ya bugo daga Legas ya ce, "Oga, sabo kuke so ko tokumbo? Na ga shafi na 9 ya ce lalle sai wanda ya cika shekara," sai na gyara murya na ce ya bi takarda. Washegari wani na Sabon Gari ya tambaya wane ido ne ake nufi da aka ce kada ya zama mai ido ɗaya, ko fitilun jikin allon ne. Na ce ya bi takarda. Na uku ma bai tambaya ba, hotuna kawai ya turo mini ta WhatsApp, na haƙoran giyar cikin inji, an wanke su fes, wai ga su nan ba gibi. Na ce a raina 'yan kwangila sun cika iyayi. Wallahi ko sau ɗaya bai zo mini in buɗe shafi na 9 ba. Mutum ya yi ta cewa a bi takarda, shi kaɗai ne a Najeriya bai karanta ta ba.

Ranar Litinin, sha biyu saura kwata, muna zaune a ɗakin taro. Alhaji a tsakiya, Manaja da Akanta a gefe, wakilan kamfanoni biyar sun sha kwat, ga akwatin tanda a kan tebur da kwaɗo biyu. Sai ga Baba maigadi ya leƙo.

"Yallaɓai," ya ce da ni, "wani ya kawo janareto, amma ya ƙi shigowa, sai tunkuyi yake."

Kafin in miƙe sun shigo. Wani dattijo ne da sanda da malfa, dillali daga kasuwar Maigatari, da ɗansa riƙe da ambulan biyu an liƙe su da kyau. A bayansu kuma wani farin Balami, tsayinsa ya kusa ƙirjina, ƙahonsa ya murɗe sau biyu. Dattijon ya gaida Alhaji, ya ce yaronsa ya karanta masa takarda kaf, duk sharuɗɗan irin na wancan karon ne, suna kawai aka canza. Shi ya ɗauka janareto sabon sunan da 'yan boko suka sa wa manyan raguna ne, kuma a ganinsa sunan ya dace.

Alhaji ya ce Akanta ya karanta shafi na 9 da ƙarfi. Akantanmu mutum ne da tun da na san shi ban taɓa ganin haƙoransa ba. Ya karanta da Turanci yana fassarawa, da murya irin ta mai sanarwar rasuwa. Janareto ya kasance namiji. Ya cika shekara ɗaya. Kada ya zama gurgu, ko mai ido ɗaya, ko mara lafiya, ko ramamme. A kawo samfur guda ranar buɗe tanda domin kwamiti ya duba haƙoransa. Ciyar da janareto da shayar da shi suna wuyan ɗan kwangila har zuwa ranar yanka.

A wajen "ranar yanka" wakilin Legas ya fita waje don ya yi dariyarsa a tsanake. Ni kuwa na kafa wa kwaɗon akwatin ido kamar ni na ƙera shi.

Na zaci nan za a tashi. Ina! Akanta ya ce ƙa'ida ƙa'ida ce, duk wanda ya kawo tayi kafin sha biyu sai an ba shi maki bisa abin da aka rubuta. Aka fara. Kamfanoni biyar ɗin nan babu wanda ya kawo samfur, don abu ne da sai da kuren ake ɗaga shi. Babu wanda ya iya tabbatar da cewa nasa namiji ne. Dattijo kuwa rajistarsa tana nan tun tandar layya, takardar haraji tsaf, samfur ga shi yana cin labulen ɗakin taro. Abu ɗaya ya rage masa, 500 kVA.

"Ranka ya daɗe, ni ban san kabiye ba," in ji shi, "amma a gwada."

Manaja ya tashi don ya janye labulen daga bakin samfur, ya yi kuskuren juya masa baya. Ban ga lokacin da ragon ya ja da baya ba, ƙarar kawai na ji. Daga ƙarƙashin tebur muka jiyo muryar Manaja yana cewa a rubuta ya wuce ɗari biyar.

Alhaji ya yi dariya har da hawaye, ya cire hula ya mayar. Da ya nutsu ya ce ba zai yiwu dattijo ya taso tun daga bakin iyakar Nijar ya koma da kayansa ba, an sayi rago. Na fara jin sanyi a raina, sai ya ƙara da cewa a cire kuɗin daga albashin wanda ya yi odar, kashi-kashi har sau uku. Akanta ya riga ya buga lissafin tun kafin a rufe baki.

Aka soke tandar, na sake rubuta wata daga farko, na karanta ta sau huɗu, har na sa Baba maigadi ya saurara. Janareto na gaske ya iso bayan wata guda, ba ƙaho ba wutsiya. Sunan Injiniya Balami kuwa ya bi ni har masallacin unguwa.

Dattijon yana da lambata. Shekaranjiya ya kira ni bayan magariba, muka gaisa, ya tambayi iyali da aiki. Sannan ya ce, "Ɗana, ka gaya wa Alhaji uwar janareton nan ta sake haihuwa, biyu ne, ko kamfani yana buƙatar ƙanana."