Kifin da Bai San Mai Gida Ba

(Falon Alhaji a Gandun Albasa, bayan la'asar. Ga akwatin gilashi cike da ruwa a jikin bango, jajayen kifayen ado suna kai-komo a ciki. Alhaji na tsaye a gabansa ya haɗe rai. Bazazzagi na kan kujera da kofin shayi, Ɗan Boko na danna waya.)

ALHAJI: Ku zo ku ga butulci. Ni na sayi akwatin, ni na sayi kifin, ni nake zuba wa janareto mai saboda injin iskarsu. Amma da na matso sai su watse. Kai Yaro!

YARO: Na'am, Alhaji.

(Yana shigowa kifayen suka taru ta ɓangarensa suna kaɗa jela.)

ALHAJI: Kun gani ko? Sai ka ce ubansu ya dawo daga Makka.

BAZAZZAGI: Ai kifi ba ya ƙarya. Sun ƙare maka kallo sun ga Bakano, sun san ranar sayarwa kawai ake jira.

ALHAJI: Kai da kuɗin shaddata ke wuyanka tun sallar bara, sha shayinka ka yi shiru. Ni tambayata, anya ma suna ganin waje? Ko asiri yaron nan ya yi musu?

YARO: Wallahi Alhaji abinci kawai nake ba su.

ƊAN BOKO: To ai asirin ke nan, Baffa. Suna gani sarai, har launi suna bambancewa. Irin jajayen nan ma akwai hasken da suke gani wanda idon mutum ba ya kamawa. Sun saba in Yaro ya tsaya nan abinci zai sauko. Kai kuma in ka tsaya, me ke biyo baya?

YARO: Ƙwanƙwasa gilashi da zoben azurfa.

ALHAJI: Sallama nake musu!

ƊAN BOKO: A wurinsu ba sallama ba ce. Ƙara a cikin ruwa tana gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa guda, ninki huɗu da wani abu na gudunta a iska. Kuma suna da wata jijiya a gefen jiki, daga kai har jela, mai jin motsin ruwa. Ka ga ba ta da kunne kaɗai suke jinka ba, har a jikinsu.

BAZAZZAGI: Allah sarki bayin Allah. Ga haya kyauta, ga mai gida da guduma.

ALHAJI: To da daddare fa? Ba na ƙwanƙwasawa. Ina kashe fitilar falo in bar tasu, in jawo kujera in zauna. Su zo dab da ni su tsaya, ina ba su labarin kasuwa suna saurare.

ƊAN BOKO: Baffa... a lokacin ba sa ganinka.

ALHAJI: Ban gane ba.

ƊAN BOKO: Ciki da haske, waje da duhu, gilashin ya zama madubi. Kansu suke kallo. Ko da rana ma, in kifi ya kalli gilashin a karkace sosai hasken ba ya fita, cikin akwatin yake sake gani. Sai ya fuskance ka, kuma da haske a jikinka.

ALHAJI: Amma idonsu ƙur a kaina, ko ƙiftawa babu!

ƊAN BOKO: Ba su da fatar ido. Ko barci suke, a buɗe yake.

BAZAZZAGI: Wato attajirin Kwari guda, da jikoki, yana zaune cikin duhu yana gaya wa kifi mai barci farashin atamfa. Wallahi sai an ji wannan a Tudun Wada.

ALHAJI: Ka kai har Kwangila. Kai ɗan nan, to ganin nasu ya wuce nan da kujera?

ƊAN BOKO: Ya wuce. A 2022 aka yi ta labarin wasu masana a Jami'ar Ben-Gurion ta Isra'ila. Suka ɗora akwatin ruwa a kan tayoyi, da kyamara a sama. Duk inda kifi ya nufa, nan abin yake gangarawa. Irin naka ne, guda 6. Suka koyi tuƙa shi zuwa wata alama ruwan hoda a jikin bangon ɗaki, in sun isa a ba su abinci.

ALHAJI: (ya zauna a hankali) Tuƙi. Ba albashi?

ƊAN BOKO: Baffa, a cikin ɗaki ne fa.

ALHAJI: Ba ya cewa taya ta fashe, ba ya cewa an yi bikin ƙanwarsa. Yaro, adaidaitata nawa ke ajiye ba direba?

BAZAZZAGI: Sai ka fara nema masa lasisi, kafin 'yan KAROTA su tare shi a Kofar Nassarawa su ce ya fito.

ƊAN BOKO: Akwai ma wanda ya fi wannan. Wani kifi a kudu maso gabashin Asiya, da tsartuwar ruwa yake harbo ƙwari daga kan ganye. A 2016 masana daga Oxford da Queensland suka koya masa fuskar mutum ɗaya a allon kwamfuta, sannan suka gauraya ta da sababbin fuskoki 44. Ya dinga tsarta wa wadda ya sani ruwa, yana dacewa sama da kashi 80 cikin 100.

ALHAJI: Tsaya. Ya riƙe fuska, in ya gan ta ya tofa mata ruwa?

ƊAN BOKO: Haka ne.

ALHAJI: A nemo min biyu. Ɗaya ƙofar shago, ɗaya nan falo. Yaro, ɗauko littafin bashi da wayata mai hoto, mu fara da na kusa.

(Bazazzagi ya ajiye kofi, ya ja hannun babbar riga ya rufe fuska.)

BAZAZZAGI: Ɗan nan, shi wannan kifin, ta gefe ma yana ganewa?

ALHAJI: Sauke rigar. Ita ma ai shaddata ce.