Masu kewar Yaƙin Cacar Baka su tambayi Somaliya

Tun da sojojin Amurka suka tattara komatsansu suka bar Agadez a 2024, 'yan Rasha masu horar da soji kuma suka sauka Yamai, wata magana ta zama ruwan dare a bakin masu sharhi a rediyo da Facebook. Wai duniya ta koma zamanin Yaƙin Cacar Baka, wato gabar Amurka da Tarayyar Sobiyet, kuma wai gaba ta kai mu, tunda idan manya biyu na gaba da juna, ƙaramar ƙasa sai ta yi ciniki ta bi wanda ya fi sakin hannu. Maganar nan tana ƙona mini rai.

A watan Maris na 1947 ne Shugaba Harry Truman ya nemi majalisar dokokin Amurka ta ba shi dala miliyan 400 don kada Girka da Turkiyya su faɗa hannun 'yan gurguzu. Daga nan manufar daƙile kwaminisanci ta kankama. Yammacin Turai ya samu tallafin Amurka na Shirin Marshall, kimanin dala biliyan 13, aka farfaɗo da masana'antu, aka kafa ƙungiyar tsaro ta NATO a 1949. Wannan rabon ne masu kewar suke hange, alhali ba a taɓa yanka mana irinsa ba.

Rabon sauran duniya daban ne. A 1953 Amurka da Birtaniya suka kifar da Firaminista Mossadegh a Iran bayan ya mayar da man fetur hannun gwamnati. Shekara na zagayowa aka yi wa Shugaba Arbenz haka a Guatemala. A Kwango, Firaminista Lumumba ya nemi agajin Mosko, aka kashe shi a Janairun 1961, daga baya Mobutu ya hau ya yi shekara fiye da 30 yana wawure ƙasar da sunan shi ne katangar hana gurguzu.

Amma wanda ke ganin za a iya wasa da manyan nan, ya duba Somaliya. Shugabanta na lokacin, Siad Barre, ɗan lelen Tarayyar Sobiyet ne. Su suka gina masa soja, suka ba shi tankoki da jiragen MiG, shi kuma ya ba su tashar ruwa ta Berbera. A 1977 ya afka wa Habasha don ƙwace yankin Ogaden. Mosko ta duba ta ga Mengistu, shugaban Habasha, ya fi tsoka, sai ta juya wa Barre baya tsakiyar yaƙi. Mashawartan Sobiyet da suka san cikin sojan Somaliya da bayansa suka koma Addis Ababa, dubban sojojin Kuba suka biyo baya, kafin watan Maris na 1978 ya ƙare an fatattaki Somaliyawa. Barre ya ruga wurin Amurka, Berbera ta canza masu haya. Da Yaƙin Cacar Baka ya lafa kowa ya kama gabansa, gwamnatin ta rushe a 1991, makaman da ɓangarorin biyu suka jibge suka rage a hannun madugan yaƙi. Kura da shan bugu, gardi da ƙwace kuɗi.

Za a ce ai Masar ta samu madatsar Aswan, mu ma Sobiyet ta gina mana Ajaokuta. To, a nuna mini ƙarfen Ajaokuta tukuna. Masu wanke Mosko tas kuwa, sai su tambayi mutanen Hungary na 1956 da na Afganistan na 1979, waɗanda sojojin Sobiyet suka afka wa.

Abin da nake so bai taka kara ya karya ba: duk yarjejeniyar soja da wata gwamnati za ta ƙulla, da Washington ko Mosko ko Beijing, a baje ta a fili jama'a su karanta, a san me aka jinginar. Nan maƙwabciyarmu Chadi, Amurka da Faransa sun ɗaure wa Shugaba Hissène Habré gindi saboda yana yaƙar Gaddafi, wanda Mosko ke sayar wa makamai. Ba wanda ya nemi jin ra'ayin 'yan Chadi a lokacin, kuma sai a 2015 wata kotu a Dakar ta saurari waɗanda aka azabtar a kurkukunsa, ta yanke masa ɗaurin rai da rai a 2016.